Hajjin Abokin Mai Keke

Bayan yaƙin Bama da 'yan shekaru, ana saura wata guda a hau Arfa, wani mutum ya shigo lungunmu na unguwar Misfala a Makka yana tura keke. Ina cikin hoshi, tsakar gidan nan da muke tarayya da dangin mijina, ina shanya wankin alhazai, don sana'ata ke nan a lokacin. Tayoyin keken ba iska, tsumma da ciyawa ya cusa a ciki ya ɗaure da igiya. Shi kansa ya bushe kamar kilishi. Ya yi sallama da Hausar Kano wadda ba ta sha Larabci irin tamu ba, ya ce a kai shi wurin mai gida.

Mai gidan yayan mijina ne, Yaya muke ce masa. Aka shimfiɗa wa baƙon tabarma a zaure, maza suka taru, ni kuwa ina bayan zana ina matse riguna ina ji. Ya ce shi tsohon soja ne. A Bama yana da aboki, ɗan aiken bataliyarsu, wanda duk tseren keken da aka yi a bariki shi ke cinyewa. Ranar da harsashi ya sami baƙon a cinya, abokin nan ne ya goya shi kwana biyu a daji. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da abokin, kuma kafin ya cika ya ce abu ɗaya ke cin ransa, bai ga Ka'aba ba. Baƙon ya ɗaukar masa alkawarin zai yi masa hajji. Da ya koma gida uwar mamacin ta ba shi keken ɗanta, shi ne ya hau tun daga Kano, ta Barno da Sudan, har bakin teku. Wata goma sha huɗu ya yi a hanya.

Kun san abin da Yaya ya ce? Ba sannu, ba Allah ya ba da lada. Cewa ya yi, "Wata goma sha huɗu? Ai kai yawon shan iska ka yi, Malam. Mu shekara bakwai muka yi a ƙafa." Zaure ya ɗauki dariya. A unguwarmu da shekarun hanya ake auna girman mutum, wanda ya zo da wuri ba ya buɗe baki a gaban manya, balle wanda ƙarfen Nasara ya kawo. Ni kuma surukata ta sha gaya mini cewa Yayan nan yana ɗan shekara huɗu suka baro gida, rabin tafiyar a kan jaki ya yi ta yana barci. Na so in ɗaga zana in faɗa, wallahi har yau ina cizon yatsa.

Malaman da baƙon ya tambaya suka ce ya fara sauke nasa faralin, na aboki sai baɗi. Bai yi musu ba. Ya hau Arfa da sunan kansa, alhazai suka watse, shi ya zauna jiran wata shekarar. Ya sami sanda da garwa biyu ya shiga ga-ruwa, da wannan cinyar da ke ɗingishi. Ƙarƙashin matakalar gidanmu yake kwana, keken na jingine kusa da kansa. Kowace safiya randar zaure yake fara cikawa kyauta, sannan ya tsaya a bakin zana ya ce, "Hajiya, ga ruwa ya iso." In ce, "Sannu da aiki, Malam." Iyakar maganarmu ke nan har wata goma. Mazan kuwa Sojan Nasara suke kiransa, suna alwala da ruwansa.

A cikin Shawwal aka fara zagaya unguwanni ana neman baƙin da suka zarce ba takarda. Abin ba wuya: in mai gida ya tsaya ya ce wannan nawa ne, na lamunce shi, sai a rubuta a wuce. Mijina yana Ɗa'ifa aikin gini, maganar mace kuma ba ta shiga. Da hantsi askarawa biyu suka zo da umda, mai unguwarmu. Umdan mutumin kirki ne, shi da kansa ya buɗe wa Yaya ƙofa, ya ce, "Ya Hajji, wannan ba naku ba ne?" Yaya ya dubi mutumin da ya shekara a ƙarƙashin matakalarsa ya ce, "Yana dai kwana a nan. Ban san shi ba." Maza bakwai ne a zauren, duk masu shekara bakwai-bakwai da tara-tara a hanya, ba wanda ya yi ko tari. Tsoro ne? Ko alama. Ƙyashi ne kawai, ba sa son a ce shi ma ya yi wani abu.

Baƙon bai roƙi kowa ba. Ya ajiye garwa, ya ce a bar shi ya ɗauki kekensa. Na yafa zanin wani alhaji da ke jiƙe a hannuna na bi su har bakin titi, inda motar da ke kai korarrun baƙi Jidda ke tsaye. Yaya na kirana daga baya, ban juya ba. Na ce, "Malam, ya sunan abokin nan naka?" Ya dube ni kamar bai gane dalilin tambayar ba, ya faɗi sunan da na mahaifinsa. Ban sami damar ƙara kalma ba, askari ya kore ni gefe, aka jefa keken sama, motar ta tashi.

Da mijina ya dawo na gaya masa bana ba ni ba wankin alhazai, Arfa za ni, kuma shi zai raka ni. Ya ga fuskata bai ja ba. Na ɗauki harama da sunan mutumin da ban taɓa gani ba, na tsaya masa a Arfa, na yi masa jifa a Mina, na yi masa ɗawafi, ban rage komai ba.

Da muka sauko na shiga zaure da kaina, na ce a ba ni sunan garin sojan in aika masa da albishir ta hannun alhazan da ke komawa. Suka yi ta kallon juna. Wata goma sha ɗaya yana cikinsu, ba wanda ya taɓa tambayarsa daga wane gari na ƙasar Kano yake. Shekara uku ina tare alhazan Kano ina kwatanta musu tsohon soja mai ɗingishi da keke, ba wanda ya san shi. Ya koma gida yana ganin ya karya alkawari, kuma ban sami wanda zai gaya masa an cika ba.