Damin Geron Kassimu Sarkin Dara

"Wai shi wancan mi shika yi cikin gulbi da garwa biyu?"

"Gero shika ba ruwa."

"Gero? Awa albasa?"

"Awa albasa. Kunya goma sha biyu."

"Allah shi sawwaƙe. Yunwa ta taɓa mai kai."

"Ba yunwa ta ba, dara ta."

Kassimu ɗan Bawa ya ji su sarai, don masu maganar, wasu mutum biyu da ke wucewa ta bakin gulbi, ba su rage murya ba. Bai ɗago ba. Ya tsoma garwa cikin ramin da ya tona a yashin gulbi, ya jira ruwa ya tsattsafo. Shekara ta biyu ke nan da fari ya sauka a ƙasar Gobir. Ruwa ya zo sau biyu, aka yi shuka, sama ta ɗauke. Gonakin Alkalawa duk sun ƙone, ban da kunyoyin nan na bakin gulbi da Kassimu ya hana mutuwa.

Yau in aka ce Sarkin Dara tsakanin Sabon Birni da Isa, shi ake nufi. Amma ya fara ne da ranƙwashi. Yana da shekara takwas, ranar kasuwar Sabon Birni, babansa ya bar masa riƙon jaki a gindin tsamiyar da dattawa ke dara. Gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ka jera uku, ka ɗauke ɗan abokin wasa. Yaron ya ga wani tsoho zai sa tsakuwa, ya ce masa in ya sa nan an cinye shi. Tsohon ya ranƙwashe shi, ya sa. Aka cinye shi. Kasuwa ta gaba tsohon da kansa ya jawo hannun yaron, ya ce ya zauna tunda bakinsa ya fi kowa sani. Kafin la'asar Kassimu ya tashi mutum huɗu, jaki kuwa ya shiga runfar mai gishiri.

Ba ya dogon tunani a kan gurbi, kuma duk ɗan da ya ɗauke sai ya yi wa mai shi sannu da aiki. Wannan gaisuwar ta fi cinyewar zafi. Yana shekara goma sha biyar babu mai zama gabansa a Sabon Birni. Ya je Unguwar Lalle ya share su. Mutanen Burkusuma suka kawo wani gwani daga tsallaken iyaka, mai rawani har ido, ya zo yana cewa a ƙasarsu yara ba sa taɓa tsinke. Ya koma bai ko sha furar da aka dama masa ba.

Saura mutum ɗaya, Malami na Isa, Sarkin Dara na lokacin. Shi ke riƙe da sandar dara, wata guntuwar sandar kanya mai naɗin jan ƙarfe, shekara goma sha tara ba wanda ya karɓe ta. Duk lokacin da Kassimu ya aika masa, amsar ɗaya ce: yaro ya yi gemu tukuna. Kassimu ya yi gemu, ya auri Habi, suka haifi biyu, babbar ita ce Inno. Sannan Malami ya yarda, aka sa rana. Saura kwana uku ruwan shuka ya sauka.

To, 'yan darar wannan yanki suna da ƙa'idarsu tun kakanni. Ranar da ruwan shuka ya sauka ake cike gurabe da ƙasa, don kada wasa ya raba namiji da gonarsa. Ba a sake tona su sai sabon gero ya shiga rumbun mai riƙe da sanda. Da can wannan jiran wata uku ne. A shekarar nan gero bai shiga rumbun kowa ba. Rani ya zo ya wuce, gindin tsamiya shafe kamar ba a taɓa zama ba. Kassimu ya aika a roƙi Malami ya ɗage ƙa'ida. Malami ya ce a gaya masa ba za a ce shi ne ya tona ramin wasa ƙasa tana kuka ba.

Da damina ta biyu ta lalace, labari ya zo daga Isa cewa jikin Malami ya yi rauni, 'ya'yansa za su kwashe shi zuwa kudu da zarar sun sami mota. Dattawan tsamiya suka kira Kassimu suka ce ya kwantar da hankalinsa, in tsohon ya tafi ai sanda tasa ce ba gardama.

"Ni ban gadon sanda," in ji Kassimu. "Gona aka gado. Sanda cin ta za ni yi, ko ko a bar ta ga mai ita."

Washegari ya fara ɗibar ruwa yana ba geron da ya saura a kunyoyinsa na bakin gulbi. Kullum ramin yana ƙara zurfi, ruwan yana ƙara nisa. Kafaɗunsa suka saɓule, suka warke, suka sake saɓulewa. A gida anza ake ci, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da ɗan ganyen tafasa in an samu. Da gero ya fitar da kai, tsuntsayen ƙasar duka suka san wurin, tunda babu wani tsanwa sai shi. Habi ce ta tsaya musu da gwangwani da tsakuwa, tana kora tana mita. Ta gaya masa ita ba don wani tsohon Isa take wannan ihu ba, don cikin 'ya'yanta ne, kuma a yi ta ta ƙare ranar yankan gero.

Ranar yanka aka sami dami ɗaya da ɗan abin da bai kai rabi ba. Habi ta zo ta tsaya a kansu. Ta sunkuya ta kwashe ƙaramin, ta tura wa Kassimu damin da ƙafa.

"Ɗauka, Baban Inno. Amma in ka kai mashi abincin ɗiyana kuma ka bari yac cinye ka, ka bi su kudu. Kak ka komo min nan."

Jakuna sun mutu, don haka a ka ya ɗauka. Kwana biyu yana tafiya. A Gatawa mutane suka fito suna kallon damin kamar an zo da amarya. Wani attajiri ya ce ya sauke su yi magana, Kassimu ya ce geron yana da mai shi.

Da hantsi ya isa Isa. A ƙofar gidan Malami an riga an ɗaure kaya, tabarmi da tukwane, ana jiran motar da aka ce za ta biyo bayan azahar. Tsohon yana jingine a zaure, ya zama ƙashi da fata, sandar tana kan cinyarsa. Kassimu ya sauke damin, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Malami ya miƙa hannu ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza, ya sa ƙwayar a baki. Ya tauna a hankali. Ya gane na bana ne.

"Yaro, sadaka ka kawo min?"

"Wa ka ba Sarkin Dara sadaka, Baba? Ƙa'idarka na kawo maka."

Babban ɗan Malami ya matso yana cewa tsoho ba shi da ƙarfin zama, a yi masa haƙuri. Malami ya daka masa tsawa, ya ce shi da hannu yake dara, ba da baya ba. Ya juyo ya ƙare wa gemun Kassimu kallo, ya ce har yanzu bai cika ba, amma a shekarar fari ba a raina tsiro.

Kassimu ya sake ɗora damin a kafaɗa.

"To, Baba Malami, ka sa a buɗe min bakin rumbu in zuba shi da hannuna. Sannan ka taso mu tona gurabe tun mota ba ta zo ba."