Gayyar da Na Kira Bayan Na Ba da Wurin Kabari

Lokacin da abin ya faru ni magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Bakura da Mafara, manomin gero wanda bai iya haɗiye ɓacin rai ba. Maƙwabcina wani tsohon tela ne, ɗan cocin Baftis, haifaffen garinmu. Mahaifinsa ya zo fatauci daga kudu tun zamanin Turawa. Tsohon yakan ba ni labarin yadda aka hana su gina wurin ibada a cikin gari, sai dai su taru a ɗaki ran Lahadi su yi waƙa ƙasa-ƙasa.

Da ya rasu, ɗansa, wanda ya gaji keken ɗinkin, ya zo mini idanu jajur. Ya ce ba su da makabarta kusa, hanya kuma ba ta biyuwa da gawa. Na ba shi gefen gonata ya binne mahaifinsa, ba tare da na shawarci kowa ba. Da damina ta kankama na kira gayya kamar yadda na saba. Mata suka tuƙa tuwo, suka dama fura, na zauna a gona da fartanya ina duban hanya har rana ta take. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Ƙanena ya tsegunta mini wai an ce ba mai taka gonar da wannan kabari yake. Liman ya ce ban yi laifi ba, haƙƙin maƙwabtaka na sauke, amma a zaurensa ya faɗa, daga ni sai shi.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na shiga shagon yaron na zazzage masa komai, wai ni ina neman mai taya ni jin haushi. Ya tsayar da keken, ya sunkuyar da kai.

“Baba, ashe mu munka ja maka wanga.”

Kafin a yanke gero ya kwashe iyalinsa zuwa garin kakanninsa, inda bai san kowa ba. Har yau bai dawo ba, ko don ya ga kabarin mahaifinsa.

Ban taɓa nadamar ba da wurin ba. Abin da ke ci mini rai bakina ne. Na koyi cewa wanda yake zaune a tsorace cikin jama’a ba ya iya ɗaukar kukan wani. Jama’a, in kun tsaya wa marar gata kuka sha wuya, ku kai ƙorafin ga waɗanda suka ƙi zuwa. Ni a kansa na sauke nawa, na ƙarasa wa masu son ya tashi aikinsu.