Askin Jiran Jirgi

Shagon Mai Aski yana daidai inda titi ya tsallaka layin dogo. Kujera ɗaya ce a ciki, sai benci, sai madubin da ya ɗaure da waya don kada girgizar jirgi ta kayar da shi. Da ƙuruciyarsa ya buɗe wurin, yanzu furfura ta cinye gemunsa.

Jirgin dakon kaya ne ke kawo masa kasuwa. Idan ya miƙe da taragunsa ya raba unguwar biyu, sai motoci su yi layi, direbobi su kashe inji su faɗo shago. Kafin taragon ƙarshe ya wuce, ya gama saisaye, ya gyara ƙeya, ya kaɗe wuya. Ba doguwar gaisuwa, ba hira. Bai taɓa makarar da direba ba, da wannan yake taƙama.

Rannan aka ji a rediyo gwamnatin tarayya ta ware kuɗi za a ɗauke layin a zagaya da shi bayan gari. Unguwa ta yi murna. Matarsa ta fi kowa, ita da ta taɓa rungume jikarta mai zazzaɓi a cikin tasi, tana hango asibiti ta tsakanin taragu.

"Malam, kai kaɗai ne ban ga haƙoranka ba," in ji ta.

"Me zai dame ni? Inda jirgi ya koma, can kujerata za ta koma."

Ya hau bayan babur ɗin ƙaninsa suka je ganin inda sabon layin zai bi. Masu awo suka nuna musu wurin gada: motoci ta sama, jirgi ta ƙasa, babu mai tsayawa. Ya daɗe yana kallon filin, sannan ya ce su koma.

"Ai ba a kan direbobi kaɗai gashi ke tsirowa ba," ya ce wa matarsa da ya dawo gida. "Kowane gida a unguwar nan cike yake da kawuna."

"Cike yake. Nawa ka taɓa gani a kujerarka? Ɗanka na cikinka ma bayan kasuwa yake zuwa aski."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Washegari ya leƙa shagon Tela da ke jikin nasa.

"Maƙwabci, wannan sumar taka ta kusa neman ɗakin kanta."

"Bar ta a inda ka gan ta," in ji Tela, bai ko ɗago daga keken ɗinki ba. "Wancan karon ina ba ka labarin auren 'yata, ban kai ga sunan ango ba ka zare ƙyalle ka ce na gaba. Aski na zo ko figar kaza?"

"Zo ka ƙarasa labarin."

"Angon yanzu 'ya'yansa uku."

Amma ya zo. Mai Aski ya ajiye injin aski ya ɗauki almakashi, don ya san da inji hannun ba zai ji magana ba. Ya tambayi ango, ya tambayi jikoki. Da ya ga yatsun sun fara gudu, sai ya tsaya ya taje inda ya riga ya taje.

Sun kai rabin kai madubi ya fara rawa. Aka sauke ƙarfen tare hanya, wani direban tanka da ya saba zuwa ya shigo yana cire hula.

"Baba, a ɗaga min wannan tsohon. Rabin ma ya yi masa kyau."

Tela har ya kai hannu zai kwance ƙyallen. Mai Aski ya danne kafaɗarsa.

"Yau ka yi haƙuri, ɗana. Akwai mutum a kujera."

"Haba Baba, layin nan fa ko baɗi ba lallai a ɗauke shi ba."

"Na sani. Hannun nan ma ba a wata ɗaya zai koyi tafiya a hankali ba."

Direban ya mayar da hularsa ya fita yana gunaguni. Taragu suka yi ta wucewa, ba mai jin wani. Da ƙarar ta lafa, Tela ya karkata kai yana duban ƙeyarsa a madubi.

"Jibi zan turo maka surukin nawa. Amma fa ya fi ni surutu."

"Turo shi," in ji Mai Aski. "Sunkuya, ban gama wannan gefen ba."