Waƙar da Kaka Take Mantawa

Har yau idan na ji ƙamshin gasasshiyar doya, tsakar gidanmu na Salaga nake tunawa, Kaka Meri a gaban murhu bayan sallar isha, mu jikoki mun kewaye ta.

A lokacin i'ina ta matsa mini. Kafin in ce "Kaka" sai na yi ta ka-ka-ka, yara su fashe da dariya. Daga baya na daina magana gaba ɗaya, a gida da makaranta. Har Baba ya fara cewa a cire ni daga makaranta in bi shi gona, tunda baki ya ƙi buɗuwa.

Tatsuniyar da Kaka ta fi so ita ce ta Kunkuru mai fataucin goro zuwa Yendi. Ya iso bakin kogi ya tarar ya cika. Zomo da ke jiran hayewa ya yi ta zuba wa kogin surutu, kogi bai kula shi ba. Kunkuru kuwa ya zauna ya rera masa waƙa a hankali, sai ruwa ya janye ya ba shi hanya.

Sau ɗaya ta rera mana waƙar. Daga ranar, duk sanda aka iso wurin sai ta dafe goshi, ta dube ni.

"Kash, tsufa! Ta gudu. Maigidana, kai da kake cin tuwona kyauta, taimaki matarka mana."

Sai in rera. A waƙa harshena ba ya sarƙewa, masu dariya kuma suka koma 'yan amshi. Wata rana Baba ya tsaya a bakin zaure ya saurara har ƙarshe. Bai ƙara tada maganar gona ba.

Na girma ina yi wa Kaka tsiyar mantuwa. Bayan rasuwarta na je Yendi gaishe da 'yarta, Gwaggo Adisa, na ce mata ina kewar waƙar Kunkuru.

"Wace waƙa?" in ji ta. "Mu da aka yi mana muna yara, iyo kawai Kunkuru ya yi ya haye. Ta ji ka kana yi wa awaki waƙa a bayan gida, Inusa. Don kai ta ƙirƙiro ta."



Yanzu ni malamin firamare ne a Bawku. Na gane Kaka ba ta taɓa ce mini in daure in yi magana ba. Neman inda muryata ta ɓuya ta yi, ta bi ni can. Ina kewarta ƙwarai, kuma ban samu na gode mata ba.

Akwai wata yarinya a ajina, Asana, ba ta cewa uffan, amma ta iya zane. Jiya na tsaya gaban allo da alli a hannu, na dafe goshi, na ce na manta yadda kunkuru yake.