Sanyin Ya Riga Mu Zuwa Hanwa

A da, in malami ya bar aiki, garinsu yake komawa a nuna masa fili. Yanzu sai ya bi dillali a baya kamar mai neman alfarma.

Mun tashi da asuba daga Jos, ni da maiɗakina. Sanyin dutse ya cinye mata gwiwoyi, har tashi daga kujerar coci sai na kama ta. Likita ya ce mu nemi gari mai ɗumi. Na ce ai ga Zariya, inda aka binne cibiyata.

Hanyar Saminaka ta sha faci har facin ma yana neman faci. A Pambeguwa muka ci masa da miyar taushe. Daga nan ta cire rigar sanyi, ta miƙe ƙafa ba tare da cije leɓe ba. Na ga haka na sa rai.

Samaru muka fara. Gidajen da na sani masu zaure da tsakar gida duk an yayyanka su ɗaki-ɗaki saboda ɗalibai. Wani mai gida ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Baba, in na ba ka gidan nan kai kaɗai, yaran da ke biyana ɗaki-ɗaki fa? Kuma ɗalibi yana gamawa ya tafi. Tsoho in ya shiga, sai dai a fitar da shi." Ya yi dariya, dillalin da ya kai mu ya taya shi. Na zauna a Kumasi, na zauna a Yamai, na yi haya da Faransanci da Turanci, ba a taɓa lissafa mini mutuwata cikin kuɗin haya ba sai a garinmu, da Hausa.

Muka hau keke zuwa Sabon Gari. Gidan da mahaifina ya rene mu lokacin yana aikin jirgin ƙasa ya zama shagunan kayan mota. Wani mai shago ya tambaye ni da Turancin buroka ko batir nake nema. A ɗakin mahaifiyata yake tsaye.

Da la'asar dillali ya kai mu Hanwa, can gangare, wani gida mai ɗaki biyu da kuɗin fanshona zai iya ɗauka. An yi masa sabon fenti, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kawai. Ni na riga na fara auna inda gado zai zauna. Ita kuwa ta dafa sanda ta sunkuya, ta ɗora bayan hannunta a bango.

"Malam, zo ka taɓa."

Bangon sanyi ƙalau, ga warin laima a ƙarƙashin fentin. Ashe da damina ruwa kwana yake a ɗakin, shi ya sa ake nuna gidan da rani.

"Mama, ai ƙasa ce mai albarka," in ji dillali.

"Ɗana, albarkar ta kai gwiwa," ta ce. Ta juyo gare ni. "Sanyin ya riga mu zuwa. Mu tafi."

Washegari muka kamo hanya. Muna fara hawan dutse ta jawo rigar sanyinta ta saka.

Abin da na koya: gida mai arha da damina ake dubansa, garin haihuwa kuma ba ya ajiye wa kowa wuri. Shekaru ina cewa a Jos aiki ya kawo ni, gida Zariya. Na daina faɗa. A Jos za mu ƙarasa, da gwiwoyinta yadda suke.