Filashin Malamin Lissafi

A shekarun da ake caje mutane a ƙofar masallaci da coci, ni nake kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Federal Low-Cost. Duk ƙarshen zango sai na goge kwamfutocin, na sake ɗora musu babbar manhajar da suke tashi da ita, domin yara sun cika su da wasanni da tarkace. Aikin zama ne. Ka sa faifai ka jira, ta tambaye ka harshe, ka jira, ta tambayi ƙasa, da agogo, da suna. In ka tafi sallah, ka dawo ka tarar tana nan tana jiran amsa.

Kwanaki nake yi a kai, kuma ina son kwanakin nan. Ba a sa ni tsaron jarrabawa. Shugabar makarantar, wata dattijuwa 'yar Kaltungo da muke kira Mama, takan leƙo ta ce, "Injiniya, sannu da aiki," ta aiko mini da kunun aya. Duk makarantar ni kaɗai take kira haka.

Sai aka ɗauki sabon malamin lissafi. Daga Maiduguri ya zo da matarsa da 'ya'yansa, suka raɓa a gidan ɗan'uwansa a unguwar Arawa. Hausarsa da ɗan nauyin Barbarci, kuma ba shi da yawan magana. Na ji an ce a can kwamfutocin wata babbar makaranta yake kula da su, amma ban tambaye shi ba.

Wata Laraba ya shigo ina tsakiyar aiki. Ya daɗe a tsaye a bayana, sannan ya nemi izini ya gwada wani abu. Ya ciro filash daga aljihu, ya ce akwai wani ɗan fayil a ciki da ya rubuta duk amsoshin tambayoyin nan, kwamfuta ita za ta karanta ta amsa wa kanta. Ya soka, ya kunna, ya ce mu je mu sha shayi. Ban so tashi ba, amma na bi shi. Da muka dawo ta gama, har manhajar rubutu ta ɗora, agogo daidai. Ya kwafi filashin a wasu, ya bi layi yana sokawa. Kafin la'asar ɗakin duka ya kammala.

Mama ta zo ta gani, ta riƙe haɓa. Na yi masa godiya a gabanta, har da dariyar yaƙe. Washegari aka ba ni ajin da zan tsare a jarrabawa. Ina tsaye bakin taga na ji ta a baranda tana cewa, "Injiniya, ina kwana?" Na juya in amsa, ashe ba da ni take ba.

Da mai fahariya ne, da na samu abin riƙewa. Amma kullum shi ke fara gaishe ni, kuma ba ya taɓa komai a ɗakin sai ya tambaye ni. Na riƙa duba kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ko zan ga inda aikinsa ya gaza. Na samu wata da ba ta da sauti, na yi murna har na ji kunyar kaina, sai na ga ashe waya ce ta zare. A gida na dami matata da zancensa har ta ce ko dai in koya ko in bar ta ta huta.

Na daure na tambaye shi inda ya koya. Ya ce ba wanda ya koya masa, dokar hana fita ce. A can dole ya bar ofis tun rana na sama, aiki kuwa ba ya ƙarewa, shi ya sa ya nemi yadda injin zai ci gaba ba tare da shi ba.

"Malam, kai da kake iya zama a gabanta har ka gama, ai kai ne da daɗi," in ji shi.

Na tausaya masa, kishin kuma bai tafi ba. Su biyun suka zauna tare a raina.

Ya buɗe fayil ɗin ya nuna mini layi-layi, inda ake sa suna, inda ake raba ma'ajiyar kwamfuta. Na fahimta da wuri, hakan ya ƙara ba ni haushi, domin abin yana gabana tun da daɗewa ban taɓa tunanin nema ba.

Bai shekara da mu ba wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi, ya koma Borno da aiki, iyalinsa suka ci gaba da zama a Arawa. Ni na kai shi tasha a bayan babur ɗina. Da aka kawo sababbin kwamfutoci fayil ɗinsa ya ƙi aiki a kansu, na yi ta fama har na rubuta nawa. Ranar da ya yi, na kira shi in gaya masa. Ya ce madalla, sannan ya ce su can yanzu sun daina amfani da filash, ta waya ɗaya suke ɗora wa ɗaki guda a lokaci ɗaya.