Hatsin Suna a Ranar Rufe Inji

Duk ranar ƙarshen wata injina ba ya niƙa. Kowa ya san wannan a unguwarmu, daga bakin masallaci har gangaren da ake sauka kasuwa. Matar da ta manta ta zo da roba a ka, sai ta tarar da ƙofa a jingine, ta yi tsaki ta juya. Ba na ba kowa haƙuri. In ta tsaya surutu sai in ce mata ita ma ai tana wanke tukunyarta kafin ta sake ɗorawa.

A ranar makanisiye, mai gyaran inji, yake zuwa da sanyin safiya. Ya juye baƙin man da ya ƙone a cikin injin ya zuba sabo, abin da suke kira bidanji. Ya kwance faifan ƙarfen nan biyu masu murƙushe hatsi, ya aika da su wajen mai wasa musu haƙora. Ni kuma in ɗaure kaina da tsumma, in kakkaɓe garin da ya taru a rufi, in wanke duron ruwan da ke sanyaya injin, in tsoma kara a jarkar gazuwal, man da injin yake sha, in ga inda wata ya bar ni. Daga nan in shimfiɗa tabarma in jera gwangwanayena. Akwai na gazuwal da mai, akwai na patanti, harajin sana'a da ake biya a meri, ofishin magajin gari, akwai na gyara. Abin da ya rage bayan na cika su, shi ne nawa, shi nake shiga da shi gida. Na gyaran nan ba ya buɗuwa don biki, ba ya buɗuwa don Sallah, ko da zanen da zan ɗaura ya kai ga yagewa.

Da can tsayuwar wata nake bi, don ban san wata hanya ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga karatun manya, a ajin lakwal, makarantar bokon unguwa, bayan yara sun tashi, gwiwoyina suna gogar ƙasan teburinsu. Malamar sa'ar 'yata ce. Ban fito da wani dogon ilimi ba, amma na fito ina duba kalanda da idona, kuma na mai da ranar rufewa ƙarshen watan nasara, tunda shi masu patanti da mai hayar shago suke bi.

Injin nan gona ce. Da mahaifinmu ya rasu a garinmu Droum aka raba gado, na sayar da rabona na saye shi. Yayyena maza suka ce ba su taɓa ganin macen da ta ba da ƙasa ta karɓi ƙarfe ba. Ni dai na riƙe abu guda a raina: in wannan ƙarfen ya mutu, ba ni da wata gonar sayarwa.

Watan da nake son faɗi, tsakiyar bazara ne. Famfo ya ƙafe kamar yadda yake mana a Damagaram, ruwan duron ma sayensa nake wajen 'yan garuwa. Tun tsakiyar watan na fara jin wata ƙara a ƙarƙashin ƙarar da na saba, siririya, kamar an jefa tsakuwa cikin ƙwarya ana kaɗawa. Da ranar rufewa ta zo makanisiye ya kwance, ya zura hannu ya girgiza sandar ƙarfen da ke juya faifan, ya dube ni.

"Uwargida, rulma ta tafi."

Rulma wani zobe ne mai 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki, a kansa sandar take juyawa. Ya ce girman tamu babu a kasuwa, ya riga ya kira wani direba da zai taso da ita daga Maradi, gobe da rana tana hannunmu. Na ce to, gobe ma mu huta.

Ina durƙushe ina wanke duro na ji amalanke ya tsaya a ƙofa, sai guɗa. Na fito hannuna duk kumfa, na ga Yaya.

Yayar mijina ce, ita ce babba a gidansu, ita ta goye shi da uwarsu ta rasu. Barebarin Birni ne su, tsohuwar unguwar garin nan, masu tsohon gida da zaure mai sanyi, kuma ko da yake na haifa musu 'ya'ya har sun girma, ba ta daina kirana 'yar Droum ba. 'Yarta ce ta yi haihuwar fari a gabanta, gobe suna. Na sani sarai, don na je barka, na kai sabulu da turmin zane. A kan amalanken akwai manyan robobi jere, gero surfaffe wankakke na fura, da shinkafar masa da aka jiƙa tun jiya. Mata uku na dangi suna biye, sun sha lalle.

A nan ne kuskuren yake, kuma namu ne mu biyu. Tun ranar barka na lissafa cewa jajiberin sunan zai faɗa ranar rufewata. Na so in ce mata ta kawo niƙan da wuri, amma matar ƙane ba ta tsara wa babbar yaya yadda za ta yi bikinta. Ita kuma ba ta aiko ta tambaya ba, don a wajenta wanda yake aikowa ya tambaya baƙo ne, wanda ake iya ce masa a'a. Na yi shiru don ladabi, ta yi shiru don zumunci, ga shi hatsi ya jiƙu.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya mai jego?"

"Lafiya lau. 'Yar Droum, tayar mana da shi, rana tana yi. Masu suyar masa suna jiran ƙulli ya kwana."

"Yaya, yau ƙarshen wata. Injin a kwance yake."

Ta yi dariya ta waiwayi matan. "Kun ji ta? Ni za a faɗa wa ƙarshen wata. Wannan dokar ta 'yan unguwa ce, yarinya. Sauke robar nan."

"Ba doka ba ce kaɗai yau. Leƙo ki gani."

Ta leƙo. Injin a buɗe, hanjinsa a kan buhu, baƙin mai a kwano, makanisiye a tsugune. Ba ta dube ni ba, shi ta tambaya.

"Malam, abin nan zai haɗu yau ko ba zai haɗu ba?"

Ya goge hannunsa a hankali. Mutum ne mai gaskiya, kuma da ma ya yi mini ƙarya a ranar. Ya ce haɗawa kam yana iya haɗawa kafin azahar, da tsohuwar rulmar. Ya ce tana iya ɗaukar niƙan nan ta gama lafiya. Tana kuma iya fashewa a tsakiya, in ta fashe ta tafi da sandar, wataƙila har da gidanta, kuma wannan ba gyaran gwangwani ba ne.

"To ka ji," in ji Yaya. "Tana iya ɗauka. Haɗa da sunan Allah."

"Kar ka taɓa shi," na ce.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "La ilaha." Makwabta sun fara tsayawa a ƙofa kamar masu wucewa.

Yaya ta zaro waya daga lalita ta kira ƙanenta, mijina. Daga wurin aikinsa zuwa shagon ba nisa, kafin kumfar hannuna ta bushe ga shi a kan babur. Ya gaishe ta har ƙasa, ya ja ni bayan duro, ya sassauta murya.

"Don girman Allah ki rufa mini asiri. Ki bari a haɗa. In ya lalace ni zan gyara."

"Da me?"

Mun san albashinsa mu biyu.

"Kin san abin da za a ce," ya ce. "Hatsin sunan jikar gidanmu a injin wani, alhali matata na da inji. Gobe duk Birni da shi za a karya kumallo."

Gaskiya ya faɗa. A garin nan ana yafe wa mutum rowar kuɗi, ana cewa wataƙila babu ne. Amma a ga amalanken biki ya tsaya a ƙofar dangi ya juya da kayansa, wannan kowa ya gani da idonsa. Kuma geron ba zai jira mu gama magana ba. A zafin nan, jiƙaƙƙen hatsi kafin la'asar ya fara tsami, kuma suna ba a ɗaga shi. Ina jin warinsa daga inda nake, har yanzu mai daɗi, warin gero mai ruwa.

Na dubi injin. Na tuna gonar, da gawon da ke tsakiyarta, da yadda na dangwala yatsa a takardar sayarwa lokacin ban iya rubuta komai ba. Na fito daga bayan duro.

"Yaya, injin nan ba zai tashi yau ba. Amma hatsinki zai niƙu kafin azahar, ni zan kai."

"Ki kai ina?"

"Injin bayan kasuwa."

"Ki kashe ni da kunya ke nan a gaban surukaina."

"Kunyar tawa ce, ni zan ɗauka."

"Ke 'yar Droum," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "ƙarfe kika zaɓa."

"Eh, Yaya."

Ban canza zane ba, ban kwance tsumman kaina ba. Na ce wa mai amalanke ya juya jakinsa, na shiga gaba. Na bi babbar hanya da gangan, ba lungu ba. Duk wadda ta leƙo ta ce, "A'a, mai inji, ina zuwa da niƙa?" sai in ɗaga murya in ce, "Nawa ya kwanta, ni na hana a tayar. Hatsin Yaya ne, na sunan gobe." Na faɗa a bakin masallaci, na faɗa wajen masu kayan miya, na faɗa har maƙogwarona ya bushe, don kar wani ya ce ita aka kora ko ita ta guje ni.

Mai injin bayan kasuwa, wanda muka daɗe muna ƙwace wa juna masu niƙa, ya ga ni ce a gaban amalanke, ya kashe injinsa don ya ji daɗin dariya sosai.

"Yau wace rana! Hajiyar ƙarshen wata da kanta? Shiga layi, Hajiya, a nan ba mu san kalanda ba."

"Niƙa za ka yi ko wa'azi? Ka wanke faifanka tukuna, na ga barkono aka niƙa. Fura ce ta suna, in ta yi yaji har gidanka zan zo."

Ya wanke. Na tsaya a kansa, ina murza garin a yatsa ina mayar masa da wanda bai yi laushi ba. Na biya daga rabon gidana na watan, ban taɓa gwangwanin gyara ba. Na raka amalanken har zauren su Yaya, na sa hannu aka sauke. Ba ta fito ba.

Ranar suna na je, da mayafina mai kyau. An yi masa, an dama fura, jama'a sun ci sun yaba. Tabarmar da aka nuna mini ta bakin ƙofa ce, cikin makwabta, ba ta ɗakin mai jego inda dangi suke ba. Na zauna a kanta har aka watse. Mijina ya yi kwanaki yana cin tuwona ba tare da ya ɗago kai ba.

Da rulmar ta iso, makanisiye ya fasa tsohuwar a gabana. Na so in ga ta ragargaje, in naɗe ta a tsumma in aika Birni. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce ƙwallo ɗaya ya tsage, sauran da sauransu.

"Da ta ɗauka?" na tambaye shi.

"Allah kaɗai ya sani, uwargida."

Har yau ban sani ba. Na rataye ta a ƙusa kusa da kalanda.

Bayan damina ta sauka, wata ranar aiki da hantsi, ina tsaye cikin ƙura da ƙara, na ga an ajiye ƙwaryar dawa a ƙarshen layi. Na ɗaga ido, Yaya ce, ita kaɗai. Tun da na buɗe shagon nan ba ta taɓa bin layi ba, ba ta taɓa biya ba, kuma ban taɓa tsammanin ta biya ba. Na ce ta miƙo in sa mata gaba. Ta ce a'a, za ta jira kamar kowa. Ta jira. Da na juye mata garinta, ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗin niƙa a kan teburi, a gaban matan unguwa, daidai yadda baƙo yake biya.

Na san abin da take faɗa mini da kuɗin nan, matan ma sun sani. Da na tura mata su na ce haba Yaya, da wataƙila ta karɓa, da wataƙila mun koma yadda muke, ta riƙa zuwa ranar da ta ga dama. Na dube su a kan teburin, injin yana juyawa a bayana ba tsakuwa a muryarsa.

Na ɗauka na ce, "Na gode, Yaya. A gaida mai jego da jaririya."

Da wata ya ƙare na rufe ƙofa, na shimfiɗa tabarma, na saka kuɗin Yaya a gwangwanin gyara.